Yadda Ake Auna Nisan Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Birane Biyu Masu Nisa

Idan wani ya tambaye ka kilomita nawa ne daga birni kaza zuwa birni kaza a jirgin sama, tambayar tana da amsa uku, kuma yawancin gardamar da ake yi daga cakuɗa su take tasowa. Akwai tazara mafi gajarta a bisa doron duniya, wadda ba ta sauyawa, yau da gobe duk ɗaya. Akwai tsawon hanyar da jirgin ya bi a zahiri, wadda iska da dokokin sararin samaniya suke jujjuya ta kullum. Sai kuma awannin da aka shafe a sama. Ta farkon ita ce tushe, kuma kana iya fitar da ita da hannunka cikin minti goma. Da zarar ka samo ta, sauran biyun ƙiyasi ne da za ka ɗora a kanta. Na yi wannan lissafi sau da yawa, kuma har yanzu na fi natsuwa da lambar da na fitar da kaina a kan wadda wani shafi ya miƙo mini ba tare da na san inda ya samo ta ba.

Zan yi misali da Landan zuwa Tokyo daga farko har ƙarshe, domin wannan hanya ta tara kusan duk wuraren da sabon shiga yake tuntuɓe.

Kayan aiki

Kalkuleta mai maɓallan sin, cos da cos⁻¹. Ta cikin wayar hannu ta wadatar. A wayoyi da yawa sai ka kwantar da wayar a gicciye, ko ka taɓa alamar faɗaɗawa, kafin waɗannan maɓallai su bayyana. A wasu kalkuletocin ana rubuta cos⁻¹ da sunan acos ko arccos, duk abu ɗaya ne.

Lambobin matsayin filayen jiragen biyu, wato latitud da longitud. Latitud shi ne nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu a ƙugunta. Longitud kuwa nisansa ne gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Da digiri ake auna su duka.

Takarda da biro. Kada ka raina wannan. Wanda ya ce zai riƙe lambobi shida a ka, ya danna su a jere, shi ne kan dawo ya fara daga farko.

Ƙwallon taswirar duniya, irin wanda ake juyawa a kan ƙafa, da zare mai tsawon kamu ɗaya wanda ba ya miƙewa idan an ja shi. Ba dole ba ne, amma da shi za ka tabbatar da lissafinka da ido.

Sai lambobi kaɗan da ya kamata ka rubuta a saman takardar. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta, a matsakaici, kilomita 6,371 ne. Digiri ɗaya na kewayen duniya kilomita 111.2 ne. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil ɗaya na teku kuma kilomita 1.852.

Abin da ya kamata ka fahimta kafin ka taɓa kalkuleta

Taswirar da aka shimfiɗa a takarda ko a fuskar waya ba ta nuna hanya mafi gajarta. Duniya dunƙulalliya ce, ba yadda za a yi a shimfiɗa ta ba tare da an ja wasu sassanta ba. Salon taswirar da aka fi sabawa da shi, wanda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, yana kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Idan ka ɗora rula a kan irin wannan taswira daga Landan zuwa Tokyo, layin zai bi ta tsakiyar Turai da tsakiyar Asiya, kuma ba ita ce gajerar hanya ba.

Gajerar hanya tsakanin kowane wurare biyu a kan ƙwallo tana kan abin da ake kira babbar da'ira. Ka ɗauka an yanka ƙwallon gida biyu daidai wa daida, yankan ya bi ta kan biranen biyu, ya kuma ratsa tsakiyar ƙwallon. Bakin wannan yanka shi ne babbar da'ira. Aikinmu duka shi ne mu gano digiri nawa ne tsakanin biranen a kan wannan da'ira, sannan mu mai da digirin kilomita. Iyakar ka'idar da kake bukata ke nan.

Mataki na 1: Tantance filayen jiragen, ba sunan birni kawai ba

Jirgi daga fili yake tashi, a fili yake sauka. Landan tana da Heathrow da Gatwick da wasu. Tokyo tana da Haneda da ke gefen birnin, da Narita da ke wajen kilomita 60 gabas da tsakiyarsa. A tafiyar kilomita dubu tara wannan bambanci ba ya da yawa, amma idan kana kwatanta amsarka da ta wani, shi kaɗai ya isa ya sa lambobinku su saɓa ku rasa dalili.

Kowane fili yana da lambar haruffa uku, irin wadda ake bugawa a tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka: LHR na Heathrow, HND na Haneda, NRT na Narita. Da waɗannan haruffa za ka yi bincike, saboda sunayen birane suna maimaituwa. Akwai London a lardin Ontario na Kanada, akwai Sydney a Nova Scotia ban da ta Ostireliya. Mu Heathrow da Haneda muka ɗauka.

Mataki na 2: Samo lambobin matsayi, ka mai da su lambar ɗigo

Rubuta sunan filin a manhajar taswira, ka danna a tsakiyarsa ka riƙe, lambobi biyu za su fito. Ta farko latitud, ta biyu longitud. Idan da ɗigo suka zo, kamar 51.4775, an rage maka aiki.

Sau da yawa kuwa a tsohon salo za ka same su, na digiri da minti da sakan. Heathrow, alal misali, 51°28′39″ arewa. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, kamar agogo. Don haka sai ka raba mintin da 60, ka raba sakan da 3,600, ka tara su a kan digirin: 51 + 0.4667 + 0.0108 = 51.4775.

A nan ne kuskure na farko yake. Mutum ya ga 51°28′ sai ya rubuta 51.28, yana zaton ɗigo ne kawai ya ɓace. Tsakanin 51.28 da 51.48 akwai fiye da kilomita 20 a ƙasa, kuma idan ka maimaita wannan a lambobi huɗu, kurakuran suna iya taruwa.

Gurbi biyu bayan ɗigo sun isa wannan aiki, domin 0.01 na digiri bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Ga namu:

Heathrow: latitud 51.48 arewa, longitud 0.46 yamma.
Haneda: latitud 35.55 arewa, longitud 139.78 gabas.

Mataki na 3: Sa alamar ragi inda ta dace

Arewa da gabas ba su da alama. Kudu da yamma suna ɗaukar alamar ragi. Ke nan longitud na Heathrow −0.46 ne.

Wannan 'yar alama ita ce ta fi kowane abu ɓata lissafi idan tafiyar ta tsallaka ikwaita. Ɗauki Landan zuwa Johannesburg, wadda filin jirginta yake latitud 26.14 kudu, longitud 28.25 gabas. Idan ka sa −26.14, amsa za ta fito wajen kilomita 9,075. Idan ka mance alamar, kalkuleta ba za ta yi maka gardama ba, za ta ba ka wajen kilomita 3,700, domin ta ɗauka birnin yana can hamadar Masar ne. Lamba ce mai kama da gaskiya, shi ya sa take da haɗari.

Mataki na 4: Fitar da bambancin longitud

Idan biranen suna ɓangare ɗaya, duka gabas ko duka yamma, ka debe ƙaramin daga babban. Idan ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, ka tara su. Namu: 139.78 + 0.46 = 140.24.

Idan jimlar ta haura 180, ka debe ta daga 360, saboda zagayawa ta ɗaya gefen duniya ta fi kusa. Sydney tana 151.18 gabas, Santiago ta Chile tana 70.79 yamma. Jimlarsu 221.97, sai ka mai da ita 138.03, kuma wannan yana gaya maka tekun Pasifik za a ƙetare. Ko ba ka yi wannan gyara ba cos zai ba da amsa ɗaya, amma ina son ka saba da shi, don ka riƙa ganin ta inda tafiyar ta bi.

Mataki na 5: Lissafin kansa

Kafin komai, duba ko kalkuletarka a digiri take. A samanta za ka ga DEG, wato digiri, ko RAD, wani ma'aunin kusurwa daban, kuma DEG muke so. Hanyar gwaji mafi sauƙi ita ce ka danna sin 30. Idan ta ba ka 0.5, bismillah. Idan ta ba ka −0.988, a RAD take, canza ta. Na taɓa cika shafi guda da lissafin tafiye-tafiye biyar kafin in lura da wannan, duka sai da na sake su. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na danna sin 30.

Yanzu ka rubuta layuka uku.

Layi na farko: sin na latitud ɗin farko sau sin na latitud na biyu.
sin 51.48 = 0.7824
sin 35.55 = 0.5814
0.7824 × 0.5814 = 0.4549

Layi na biyu: cos na latitud ɗin farko, sau cos na latitud na biyu, sau cos na bambancin longitud.
cos 51.48 = 0.6228
cos 35.55 = 0.8136
cos 140.24 = −0.7687
0.6228 × 0.8136 × −0.7687 = −0.3895

Kada alamar ragin nan ta tsorata ka. Duk bambancin longitud da ya wuce digiri 90, cos ɗinsa da ragi yake fitowa, haka ya kamata. Ka ɗauke ta yadda ta zo.

Layi na uku: tara amsoshin biyu, sannan ka danna cos⁻¹ a kan jimlar.
0.4549 − 0.3895 = 0.0654
cos⁻¹ 0.0654 = 86.25

Digiri 86.25 ke tsakanin Heathrow da Haneda a kan babbar da'ira, wato ƙasa kaɗan da rubu'in kewayen duniya.

Ka riƙe gurbi huɗu bayan ɗigo a kowane layi. Idan ka guntule zuwa biyu, 0.45 da 0.39, jimlar za ta zama 0.06, amsar ƙarshe kuma ta kauce da fiye da kilomita 30. Jimlar layi na uku dole ta faɗa tsakanin −1 da 1. Idan kalkuleta ta ƙi ba da amsa, wataƙila ka tara ne inda ya kamata ka ninka. Jimla mai alamar ragi kuwa ba laifi ba ce, tana nufin nisan ya wuce digiri 90. Ta Sydney da Santiago −0.2076 take fitowa, digiri 101.98.

Wannan dabara ta birane masu nisa ce. Idan tazarar ba ta wuce 'yan kilomita goma-goma ba, jimlar takan matso kusa da 1 sosai, gurbi huɗu ba sa isa su rarrabe, sai a koma wata dabarar da ake kira habasain. Ba ka bukatarta a nan.

Mataki na 6: Mai da digiri kilomita

86.25 × 111.2 = 9,591. Ka ce kilomita 9,590.

Idan mil na ƙasa kake so, raba da 1.609, ka sami wajen 5,960. Matuƙa jirgi da mil na teku suke aiki, kuma wannan ya fi kowanne sauƙi, domin mil ɗaya na teku kusan daidai yake da minti ɗaya na digiri. Ninka digirin da 60 kawai: 86.25 × 60 = 5,175. Duk lokacin da ka ga an rubuta "mil" a wani wuri, ka bincika wanne ake nufi. Wanda ya ɗauki 5,175 a matsayin mil na ƙasa zai zubar da fiye da kilomita 1,200 bai sani ba.

Za ka iya tarar da shafukan intanet sun ba da lambar da ta ɗara taka da kilomita 20 da ɗoriya. Ba kuskure ka yi ba. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a ƙugu ta ɗan baje a ƙuryoyinta, kuma su suna lissafi da wannan siffa. Bambancin ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100. In ya kai ɗaruruwan kilomita, to koma mataki na 3 da na 5.

Akwai ma'aunin hankali guda da yake da kyau ka riƙe. Babu wurare biyu a duniya da tazararsu ta wuce wajen kilomita 20,000, rabin kewayenta ke nan. Tafiyar fasinja mafi tsawo ba tare da yada zango ba a 'yan shekarun nan, Singafo zuwa New York a jirgin Airbus A350, wajen kilomita 15,300 ce, ana kuma shafe awa 18 zuwa 19 a sama.

Mataki na 7: Tabbatar da zare

Wannan ne matakin da na fi so, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya in nuna wa mai koyo, shi zan zaɓa. Danne bakin zaren a kan Landan da babban yatsa, ka kai ɗaya bakin Tokyo, ka ja shi ya ɗame. Kada ka tilasta masa hanya. Ka ɗan kaɗa shi da farce ya zauna inda yake so, domin zaren da aka ɗame a kan ƙwallo da kansa yake neman gajerar hanya.

Dubi inda ya bi. Tokyo tana kudu da Landan da kusan digiri 16, amma zaren arewa maso gabas ya nufa. Ya ƙetare Tekun Arewa, ya ratsa Norwe da Suwidin da Finlan, ya hau har wajen digiri 71 arewa a tekun Kara, cikin yankin Aktik, sannan ya gangaro ta Siberiya ya faɗa Japan daga arewa maso yamma. Wannan shi ne lanƙwasasshen layin da fasinja ke gani a 'yar taswirar bayan kujera har ya yi zaton matuƙi zagaye yake yi. A kan ƙwallo layin a miƙe yake sak, taswirar ce ta lanƙwasa shi. Gani ya kori ji.

Yanzu ka tsunkule zaren a daidai Tokyo, ka ɗauke shi, ka kwantar da shi a kan ikwaita daga layin sifili, wato wanda ya ratsa Greenwich. Karanta digirin da ya kai. Ya kamata ka ga wajen 86. Ikwaita kaɗai za ka yi awo a kanta, ko kuma layin longitud mai lambobi. Sauran layukan latitud suna tsukewa yayin da suke matsawa ƙurya, a digiri 60 arewa digiri ɗaya na longitud rabin na ikwaita ne. Kuskuren digiri ɗaya ko biyu a awon zare ba abin damuwa ba ne.

Ka gwada da Johannesburg ma. A shimfiɗaɗɗiyar taswira Tokyo tana can ƙarshen duniya, Johannesburg kuwa kamar nan ƙasa kaɗan, amma zaren zai nuna maka bambancinsu daga Landan bai wuce kilomita 500 da 'yan kai ba.

Idan babu ƙwallon taswira, akwai mafita biyu. A Google Earth akwai ma'aunin da za ka danna a wuri ɗaya ka ja zuwa wani, a Google Maps na kwamfuta ma akwai auna tazara idan ka danna dama a kan taswirar, kuma duka biyun babbar da'ira suke bi. Idan kuma kalkuletar ce babu amma akwai kwamfuta, Excel da makamantansa suna da SIN da COS da ACOS. Sai dai su a RAD suke aiki, dole ka shigar da kowane digiri cikin RADIANS tukuna, sannan a ƙarshe ka ninka da 6,371 maimakon 111.2. Wannan hanya ta fi dacewa idan tafiye-tafiye da yawa za ka lissafa.

Mataki na 8: Daga gajerar tazara zuwa hanyar da jirgi ke bi

Da wuya jirgi ya bi zaren nan sak. Bayan tashi akwai hanyoyin fita da aka shata, kafin sauka akwai jerin gwano da kewaye, a tsakani kuma akwai tashoshin sama da masu kula da zirga-zirga suke bi da jirage ta kansu. A tafiya mai nisa wadda babu wani cikas a hanyarta, ni nakan ƙara kashi 5 cikin 100. Ƙiyasi ne nawa, ba doka ba. Landan zuwa Tokyo ta zama wajen kilomita 10,070 ke nan.

Wasu kan tambaya ko tsayin da jirgi ke tashi yana ƙara nisa, tunda yana zagaya da'irar da ta fi ta ƙasa faɗi. Yana ƙarawa, amma a tsayin kilomita 11 ƙarin bai wuce kilomita 17 ba a duk wannan tafiya. Bar shi.

Abin da ba za ka bari ba shi ne duba ƙasashen da zaren ya ratsa. Tun watan Fabrairun 2022 Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai, kamfanonin Japan ma suka daina bi ta can. Zaren namu kuwa mafi yawansa a kan Rasha ya kwanta. Don haka jiragen wannan hanya suka koma bi ta kudu, ta Turkiyya da tsakiyar Asiya da Sin, ko ta arewa, ta Girinlan da Alaska. Tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye. Tazarar tana nan a 9,590, hanyar ce ta tsawaita. A irin wannan hali sai ka gutsuttsura tafiyar: zaɓi wurare biyu ko uku da jirgin ke bi ta kansu, ka lissafa kowane gaɓa da dabarar mataki na 5, ka tara.

Akwai kuma kaucewar da ake yi don tsaro. Jirgi mai inji biyu ba a yarda ya yi nisa da filin da zai iya saukar gaggawa fiye da wasu mintoci da aka ƙayyade masa ba, ga jirage da yawa minti 180 a gudun inji ɗaya, sababbi kuma an ba wasunsu fiye da haka. Wannan kan tanƙwara hanya a kan manyan tekuna. Tudun Tibet ma jirage da yawa suna kauce masa, saboda idan iskar cikin jirgi ta zube dole a sauko ƙasa-ƙasa da sauri, duwatsun kuwa ba su bar wurin saukowa ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, kuma masu tsara hanyoyin jirage a kan haka suke.

Mataki na 9: Ƙiyasta lokaci

Manyan jiragen dogon zango suna tafiya tsakanin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Ɗauki 880. Raba 10,070 da 880, ka sami awa 11.4. Ɗigo huɗun nan ba minti 40 ba ne, ka ninka 0.4 da 60, minti 24 ke nan. Ƙara wajen rabin awa na gangarawa zuwa titin tashi da hawa da saukowa, ka kusa awa 12. Kusan haka tafiyar take kafin a rufe hanyar Siberiya.

Daga nan sai ka tambayi kanka gabas aka nufa ko yamma. A can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12, akwai wani kogin iska mai tsananin gudu da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, yakan wuce kilomita 200 a awa, ya fi ƙarfi kuma a lokacin hunturu. Mai zuwa gabas yana neman shiga cikinsa ya tura shi, mai zuwa yamma yana kauce masa. Tsakanin New York da Landan wajen kilomita 5,550 ne ko ta ina ka auna, amma zuwa Landan kan ɗauki wajen awa 7, dawowa kuma wajen awa 8. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin Boeing 747 na British Airways ya yi wannan tafiya zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Masu cewa juyawar duniya ce take kawo birni kusa da jirgi sun yi kuskure, domin iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. A dogon zango ka rage rabin awa zuwa awa ɗaya idan gabas za a, ka ƙara kwatankwacinsa idan yamma.

Mataki na 10: Kwatanta da tikiti

Lokutan da ke kan tikiti na agogon kowane gari ne, na tashi da agogon inda aka tashi, na sauka da agogon inda aka sauka. A ce jirgi ya bar Landan ƙarfe 9 na safe a watan Janairu, ya sauka Tokyo ƙarfe 8 na safen washegari. A ido awa 23 ne. Tokyo tana gaban Landan da awa 9 a hunturu, sai ka debe, saura awa 14. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, Japan kuwa ba ta taɓa nata, don haka bambancin yakan koma awa 8. Idan agogon garin da aka sauka yana baya, kamar daga Tokyo zuwa Landan, tarawa za ka yi maimakon debewa.

Idan tikitin na yada zango ne, kada ka yi amfani da tazarar kai tsaye ko kaɗan. Lissafa kowace ƙafa daban. Filin jirgin Dubai yana latitud 25.25 arewa, longitud 55.36 gabas. Daga Heathrow zuwa can wajen kilomita 5,500 ne, daga can zuwa Haneda wajen 7,935, jimla kusan 13,435. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ka ga kamar Dubai a kan hanya take, alhali ratsen ya ƙara fiye da kilomita 3,800 a kan 9,590 ɗin da muka fitar, wato sama da awa huɗu a sama, ban da zaman jira a filin. Ka ɗauki lambobin Dubai ɗin nan ka bi da su daga mataki na 4 zuwa na 6 da kanka. A ƙafar farko jimlar layi na uku 0.6502 za ta fito, a ta biyu kuma 0.3196.